Kafin ki aika cefane, fara cinye abin da ke sito

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya koma lissafi, wanda da can bai san kuɗin kwanon shinkafa ba yanzu ya san har na gwangwanin gishiri. Amma abin da na lura da shi shine duk ƙorafinmu a kan kasuwa yake ƙarewa, Singa ta yi tsada, Dawanau ta yi tsada, mai awon unguwa ya tsuke mudu, ba mai waiwayo ya duba nawa ne ke zubewa a cikin gidansa bayan an riga an biya kuɗin an kawo kayan. Farashi dai ba a hannunki yake ba uwargida, amma abin da ya shigo kicin ɗinki ke ce da shi, kuma wallahi a gidaje da yawa abin da ƙwari da ruɓa da kwandon shara suke ci ya isa ya riƙe gidan kwanaki.

To abu na farko, ki ware rana guda ki fito da komai na sito waje. Komai fa, har ledojin nan da aka ƙulle aka cusa bayan buhu, har robobin fenti da baki buɗe ba tun azumi. Zaki sha mamaki, ga guntun gero, ga rabin kwanon alkama da aka kawo miki daga gida, ga kuka a leda uku daban daban saboda duk lokacin da aka nema ba a gani ba sai a sake aike, ga busasshiyar kuɓewa, ga taliya biyu da aka farke aka ɗebi rabi, ga daddawa ta bushe ƙamas. Ki share wurin, ki rubuta abin da kika samu a takarda ko a waya, sannan wajen mayarwa tsohon kaya ya dawo gaba sabo ya koma baya. Wannan jerin kaɗai yana rage asara sosai, dan hannu abin da ya fara tararwa yake ɗauka, idan sabon buhu ne a bakin ƙofa to tsohon zai zauna har ya yi ƙwari.

Daga nan sai ki saka wa kanki doka, sati guda a kowane wata, musamman satin ƙarshe kafin albashi ko kafin babban cefane, ba za a sayi komai ba sai ɗanyen kayan miya da abin da ya zama dole kamar gishiri ko mai. Girkin satin daga takardar nan zai fito. Maimakon ki zauna kina tunanin me nake sha'awar ci sannan a je a siyo, sai ki duba me nake da shi, me zai iya zama. Guntun geron nan kunu ne na safe biyu ko uku, alkamar a kai inji a ɓarza ta zama fate ko a niƙa ta zama tuwo, ragowar tsakin masara da ɗan zogale dambu ne, wake da bai kai a yi shinkafa da wake ba ya isa a yi miyar wake ko a watsa shi cikin faten tsaki. Rabin taliya biyu masu kauri daban ba haramun bane a haɗa su tukunya ɗaya, ki fara saka mai kaurin kawai. Yara zasu yi ƙunƙuni kwana biyun farko, ki bar su, yunwa zata daidaita muku.

Kuma dan Allah a nan sai an haɗa da maigida. Da yawa asarar daga cefanen ba tambaya take farawa, Baban su ya biyo ta Yankaba ya ga kabeji da karas da latas sun yi araha ya ciko buhu ya kawo yana jiran a yaba, alhali akwai na shekaranjiya a kwando yana yaushi. Ki tura masa takardar ta waya kafin ya tashi daga aiki, ki ce Baban Ummi ga abin da ya ƙare, sauran duk akwai. Ba raini bane, kuɗinsa kike tattala masa, kuma in ya ga wata ya zagayo da saura a aljihu shi da kansa zai fara tambaya.

Sai awo. Mu Hausawa muna da wannan abin na a ƙara hannu ko baƙo zai zo, kuma al'ada ce mai kyau ba zan ce a bari ba, amma gidan da ake ƙara hannu kullum baƙon kuma sai sau biyu a wata yake zuwa, to kinga sauran kwanakin wa aka dafa wa. Ki samu ma'auni ɗaya, gwangwanin madara ko kofi guda, ki riƙa auna shinkafa da gari da shi kina lura da abin da ke ragowa, cikin ɗan lokaci zaki gane gwangwani nawa gidanki ke cinyewa tas a rana ta makaranta da kuma ranar da kowa ke gida. Baƙo kuma ki tanadar masa abin da ke dahuwa da wuri, taliya, kuskus, ƙwai, ɗan soyayyen kayan miya a ajiye, kafin ya gama gaisawa da shan ruwa kin sauke. Yara ma a daina cika musu faranti, a zuba kaɗan in sun cinye a ƙara, dan abincin da yaro ya jagwalgwala da hannu ya zuba wa ruwa ba mai iya ajiye shi, wanda ke tukunya kuwa yana nan da mutuncinsa.

Yanzu ragowar abinci, wanda anan ne iyayenmu suka fi mu nesa ba kusa ba. Tuwon dare in ya kwana ɗumame ne, kuma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka da ɗan man shanu da yaji ya fi shayi da burodi riƙe ciki, amma yanzu sai kiga an zubar da malmala huɗu da safe an aika siyo burodi, wai yara basa ci. Basa ci ne dan ba a saba musu ba. Yadda ake ɗumame mai daɗi, ki tafasa miyar tun da dare bayan an gama ci ki rufe kar a sake saka cokali, da safe ki yanka tuwon ki jera a tukunya da ɗan ruwa kaɗan a ƙasa ya turara har cikinsa ya yi zafi sosai, ko ki saka shi cikin miyar su tafasa tare. Ƙanzon gindin tukunya kuma kar ki jiƙa shi ki zubar, ki ɓanɓaro shi ki shanya a rana a faranti ki rufe da abin tata saboda ƙuda, in ya bushe ƙarau ki tara a roba mai murfi. Ranar da ba a san me za a ci da rana ba sai a jiƙa shi ya yi laushi a tsane, a daka ƙuli-ƙuli, a yanka albasa da tumatir da ɗan attaruhu, mai da gishiri da magi, kwaɗon ƙanzo ya haɗu. Har tuwon da ya yi yawa ana iya yanka shi falle falle a shanya haka, lokacin zafi kwana biyu ya bushe.

Farar shinkafa da ta ragu tana da hanyoyi da yawa. In zaki yi waina dama ana buƙatar dafaffiyar shinkafa a cikin ƙullu, to ga ta. Ko ki soya albasa da ɗan kayan miya da ƙwai ki juye ta ciki, ko ki ƙara mata ruwa ki tuƙe ta zama tuwo. Amma shinkafa tana da hatsarin da mutane basu sani ba, akwai ƙwayar cuta da ke jure dahuwa, in aka bar dafaffiyar shinkafa a kula tun rana har washegari cikin zafin nan namu tana yaɗuwa ta saki guba, kuma ɗumamawa baya kashe gubar, shi yasa wani lokaci kiga gida gaba ɗaya ana amai da gudawa a ce ai an ɗumama. Dan haka in ta ragu ki baza ta a faranti ta huce da wuri ki saka firij, in ba wutar lantarki a cinye ta kar ta kwana, in kuma ta fara yauƙi ko ta canza wari to ta tafi, tattali bai kai ga kuɗin asibiti ba. Haka ma wake da alale, basa jure zafi ko kaɗan.

A nan zan ɗan tsaya a kan maganar almajirai da masu aiki. Bayar da ragowar abinci sadaka ce in an bayar yana da kyau, tun da dare ko da sassafe. Amma a ajiye abu sai ya yi tsami sannan a ce a miƙa wa almajiri, wannan ba tattali bane ba kuma sadaka ba, ɗan wani ne. Abin da ba zaki ba ɗanki ba kar ki zuba a robar yaron mutane. In kin san ba za a ci ba ki fitar da shi tun yana da ɗumi, ga maƙwabta ma, yanzu gidaje nawa ne ake kwana ba a ɗora tukunya ba kuma ba zasu faɗa ba.

Sai tumatir, wanda shi ne ya fi komai wasa da hankalin mutane. Daga wajen Janairu zuwa Maris lokacin da na noman rani ke fitowa daga su Kadawa da Kura kwando yana yin arha har manoma na zubarwa a bakin titi, da damina ta kama kuma sai ya zama ana ƙirga shi ɗaiɗai. Wanda ya tuna 2016 lokacin da tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Jigawa ya san yadda miya ta koma. To lokacin arhar nan ake shiri. Hanya mafi sauƙi ita ce kauɗa, ki zaɓi masu tauri ki wanke ki yanka biyu ko huɗu, ki shanya a kan tabarma mai tsafta ko buhu a saman wani abu ba a ƙasa ba, iskar hunturu da rana su busar da shi, abin da ke sa mutane ƙin kauɗar kasuwa ai ƙasa ce da baƙin da take yi, taki ta gida in kin kula ja zata fito. Tattasai da attaruhu ma haka. In zaki yi miya ki jiƙa a ruwan zafi ki markaɗa da albasa. Hanya ta biyu ki markaɗa da yawa ki zuba a babbar tukunya ki tafasa har ruwan ya ƙone ya yi kauri kamar na gwangwani, in kina da firiza ki raba a ƙananan robobi ko leda, kowane ɗaya na girki ɗaya. In ba firiza, ki wanke kwalabe masu murfin ƙarfe ki tafasa su, ki zuba tumatirin da zafinsa da ɗan ruwan lemon tsami, ki rufe ki sake dafa kwalaben cikin ruwa ya rufe kansu kamar minti 40. Duk wadda murfinta ya kumbura daga baya ko ta yi kumfa ko wari, zubarwa ake ba ɗanɗanawa.

Tumatirin da ya fashe ko ya yi laushi ba laifi a markaɗa shi a dafa yau yau, amma wanda ya yi farin gashi ko baƙin tabo na ruɓa bana ba da shawarar a siya komai arharsa.

Ga wadda bata da firij ko unguwarsu wuta sai an ga dama, akwai dabarar tukunya cikin tukunya. Wani malami ne a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa ta a ƙauyuka har ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a shekarar 2000. Tukunyar ƙasa babba, ki saka ƙarama a ciki, tsakaninsu ki cika da yashi ki jiƙa shi, ki zuba kayan miya ko ganye a ƙaramar ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa, ana ƙara wa yashin ruwa safe da yamma. Ruwan da ke tsatsowa ta jikin tukunyar yana bushewa shi ke janye zafin, irin yadda randa ke sanyaya ruwa. Tana aiki sosai lokacin rani da iska ke bushe, da damina kam ƙarfinta yana raguwa, kuma ta kayan lambu ce, kar a saka nama ko dafaffen abinci a ce firij ne. Albasa kuma bata shiga nan, ita iska take so, a baza ta a ƙasa mai bushewa ko kwando, kar a ƙulle a leda kar kuma a haɗa ta da dankalin turawa, suna lalata juna. Doya a ɗora a kan katako ana dubawa, in ta fara tsiro a karye tsiron. Alayyahu da zogale da rama da yakuwa in sun yi yawa a shanya a inuwa, ba a rana ba, dan su riƙe korensu.

Masu firiza kuma, matsalar da na fi gani ita ce a daskarar da miya a babbar roba ɗaya, kullum a fito da ita a narke a ɗiba a mayar, kafin sati ta gaji. Ki raba tun farko. Sannan firiza da ke cike tana riƙe sanyi kusan kwana biyu in an ɗauke wuta matuƙar ba a buɗewa, wadda ke rabi kuma kamar kwana ɗaya, dan haka duk gurbin da ya rage ki cike shi da robobin ruwa su zama ƙanƙara, kuma a hana yara buɗe-buɗe. Ki riƙa rubuta kwanan wata a jikin leda, in ba haka ba sai kiga naman layya ya kai wata layyar a can ƙasa ba wanda ya san da shi. Shi naman layyar ma gara a bi hanyar da, a soya shi ya soyu sosai ya tsane, wani a yi dambu, kitsen a narke a tace a ajiye ana ɗiga wa miya da wake, ƙasusuwa a tafasa a samu romo. Ruwan tafasar nama ko kaza ko kaɗan kar ki zubar, shi ne rabin daɗin dafa-duka, in kina da shi ma magin da zaki saka ya ragu.

Hatsi da wake kuwa lokacin kaka ake siya, daga Oktoba zuwa Disamba, kafin farashi ya fara hawa zuwa damina. In buhu ya fi ƙarfinki ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu a siyo a raba, ya fi awon kullum sauƙi nesa. Sai dai siyan da yawa ba riba bane in ba a iya ajiya ba, wake musamman, wata biyu ƙwari sun mayar da shi gari. Ki shanya shi ya bushe sosai, ki zuba a jarka mai tsafta busasshiya ki cika ta har baki, ki saka leda a bakin ki ɗaure murfin tam. Ƙwarin iska suke shaƙa, in ta ƙare musu mutuwa suke har ƙwayayensu basa yin komai, sharaɗin kawai kar a riƙa buɗewa, dan haka na ci yau da gobe ki ware shi a ƙaramar roba. Buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masu bincike na jami'ar Purdue a Amurka suka fito da shi, da wannan dabarar yake aiki, ana samunsa wajen masu kayan noma kuma ana sake amfani da shi in bai huje ba. Abin da zan roƙe ki shine kar ki zuba fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a abin da za a ci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan irin wannan maganin da aka samu a jikinsa, su sun ƙi, mu kuma muna ci. In kin siyo wake kika ji yana warin magani ki shanya shi, ki wanke sosai, ki zubar da ruwan tafasar farko.

Akwai kuma inda tattali yake tsayawa cak, gyaɗa da masara da suka yi fumfuna. Wannan koren ko baƙin abin yana fitar da guba da ke lalata hanta har ta kai ga ciwon daji, wuta bata kashe ta, niƙawa bata kashe ta. Ki tsince masu tabo da waɗanda suka motse ki zubar, kar ki ce bari a yi ƙuli da su, kar kuma a ba akuya ko saniya mai shayarwa dan tana bi ta nono. Rigakafin shine buhu kar ya taɓa ƙasa ko bango, a ɗora a kan katako, kuma gari kar a niƙa na wata uku lokacin damina, a riƙa kai wa inji kaɗan kaɗan, in an dawo da shi a baza ya huce kafin a rufe.

Gas da gawayi ma abinci ne a wajen lissafi. Wake in kin jiƙa shi tun dare ya rage miki lokaci mai yawa a wuta ba sai kin cika kanwa ba, tukunya a rufe, in ta tafasa a rage wuta tunda ruwan da ya tafasa baya ƙara zafi dan kin ƙure gas. Shinkafa in ruwanta ya kusa tsotsewa ki kashe ki bar ta a rufe, ko ki naɗe tukunyar da tsohon bargo, turirin zai ƙarasa. Ki gama yanke-yanke da jajjage kafin ki kunna, ba a kunna sannan a fara neman wuƙa ba. Gawayin da ya rage a kashe shi a rufe da tsohuwar tukunya, gobe ya tashi, tokar kuma tana wanke bayan tukunya fes.

Sauran tarkacen kicin ba sai na daɗe a kai ba. Dusa da ɓawon wake da na doya da na kankana na awaki da kaji ne, in baki kiwo akwai mai yi a layinku kuma zata ji daɗi. Ruwan wanke shinkafa da na kayan miya a zuba wa zogale ko ɗan lambun bayan ɗaki. Ayaba da ta nuna har ta yi baƙi a dama ta cikin ƙullun fanke, sukari ma ya ragu. Burodin da ya bushe a tsoma a ƙwai a soya. Man da aka yi suya a tace shi da zarar ya huce a rufe, amma in ya yi baƙi yana kumfa ya gama aiki. Robobi da gwangwanaye da ƙarafa a tara wa 'yan gwangwan, ko kuɗin ashana ne an samu, ledoji kuma ki riƙa ba ɗan aike jaka ko kwando ya tafi da shi, su ne ke toshe mana kwata da damina ruwa ya shigo gida.

Wata na farko kar ki ce zaki yi duka, zaki gaji ki watsar. Ki fara da fito da kayan sito da satin nan na ba cefane, sai ma'aunin shinkafa. In azumi ya matso kuma ki rage kalolin buɗa baki zuwa biyu ko uku a rana, dan a watan ne aka fi zubar da abinci, ƙosai da kunu da dankali da farfesu da lemo duk a jere, mutum ya sha ruwa ya ci dabino ya ɗan taɓa biyu cikinsa ya cika, a tafi tarawihi a dawo an ƙoshi. Ƙullun ƙosai ki raba shi gida biyu tun kafin ki saka gishiri da albasa, rabi a soya yau rabi ya shiga firij na gobe, kunun kuma a dama daidai kofunan da ke gidan da na maƙwabcin da za a miƙa wa.